Shin da gaske ne harsashin igwa ba ya huda jirgin Constitution?

"Malam, na ga hoton wani tsohon jirgin ruwan yaƙi na Amurka mai suna Constitution. An ce na katako ne, ya haura shekara 200, kuma har yau yana kan ruwa. An kuma ce ba a taɓa cin sa da yaƙi ba, wai ko harsashin igwa ya same shi sai ya faɗa ruwa. Shin gaskiya ne, ko kuwa kurin Amurkawa ne kawai? Wane aiki ya yi a tsawon wannan zamani?"

Ɗan'uwa mai tambaya, abu biyu ka haɗa, wato labarin ƙarfin jikin jirgin da kuma tarihin aikinsa, kuma na biyun ne yake warware na farkon. Gaskiya ne jirgin yana nan a tashar sojojin ruwa ta Charlestown a birnin Boston, gaskiya ne kuma abokan gaba ba su taɓa kama shi ko nutsar da shi ba. Sai dai sunan da ya yi a duniya ya samo asali ne daga gumurzu uku waɗanda in an haɗa su duka ba su cika wuni guda ba, alhali ya shafe shekaru fiye da 80 yana aiki. Wanda yake son ya fahimci jirgin sai ya dubi yadda aka ƙera shi, da irin abokan karawar da ya samu, da kuma shekaru masu yawa da ya yi bai harba igwa a kan kowa ba.

Irin wannan jirgi ana kiransa firiget. A zamanin da iska ce take tura jirage ta hanyar filafilai, manyan jiragen yaƙi masu igwa 74 zuwa sama da 100 su ne suke jera sahu su yi ta ɓarin wuta a babban yaƙi. Firiget bai kai su girma ba, manyan igwoginsa a hawa ɗaya suke, amma ya fi su sauri, saboda haka shi ake aikawa leƙen asiri, da rakiyar jiragen 'yan kasuwa, da farautar jiragen kasuwancin abokan gaba, da kai jakadu da wasiƙu. Kyaftin ɗin firiget yakan yi watanni ba tare da wani umarni ya iso masa ba, don haka shi ne alƙali, shi ne jakada, shi ne kuma mai yanke shawarar ko a yi faɗa ko a gudu.

Dalilin ƙera shi da yadda aka ƙera shi

Bayan Amurka ta sami 'yancin kai ta sayar da jiragen yaƙinta duka, jiragen 'yan kasuwarta kuma suka rasa kariyar da suke samu a ƙarƙashin tutar Ingila. A shekarar 1793 kaɗai jiragen masarautar Aljiyas sun kama jiragen kasuwancin Amurka 11, suka tsare ma'aikatansu suna neman fansa. Wannan ya sa majalisar dokokin Amurka ta zartar da doka a watan Maris na 1794 a ƙera firiget shida. Mai zanen jirage Joshua Humphreys ya yi lissafi mai sauƙi: ƙasar da ba ta da kuɗin tara jirage da yawa, gara ta ƙera 'yan kaɗan waɗanda kowannensu zai fi ƙarfin duk wani firiget na Turai, kuma ya fi duk wani babban jirgin sahu gudu. Ke nan wanda zai iya kama shi ba zai iya cin sa ba, wanda zai iya cin sa kuwa ba zai iya kama shi ba.

An aza ƙashin bayan Constitution a watan Nuwamba na 1794 a maƙerar Edmund Hartt da ke Boston, aka saukar da shi ruwa ranar 21 ga Oktoba, 1797, bayan an yi yunƙuri biyu ya cije a kan hanya saboda nauyinsa. Tsawonsa ƙafa 204 ne, fāɗinsa ƙafa 43 da rabi. A takarda igwa 44 aka rubuta masa, amma yakan ɗauki fiye da 50, kuma ma'aikatansa sukan kai 450. Jikinsa hawa uku ne na katako: farin itacen oak daga waje, farin oak daga ciki, a tsakiya kuma haƙarƙarin wani irin oak mai tsananin tauri da nauyi da ke fitowa a gaɓar tekun kudancin Amurka, an jera haƙarƙarin kusan manne da juna, har kaurin bangon ya kai inci 21 a wasu wurare. Ƙusoshin jan ƙarfe kuwa wani maƙerin Boston mai suna Paul Revere ne ya ƙera su. Akwai abin da ba a cika faɗa ba, wato wannan itace mai tauri a tsibirin St. Simons na jihar Jojiya aka saro shi, kuma bayi baƙar fata ne aka yi haya daga iyayengijinsu suka yi yawancin saran a cikin fadama da sauro, bayan zazzaɓi ya kori kafintocin da aka kawo daga arewa.

Tarabulus

Aikinsa na farko a gaɓar Amurka da tekun Karibiyan ne, daga 1798, lokacin da Amurka da Faransa suke kama jiragen juna ba tare da shelar yaƙi ba, kuma bai yi wani abin a zo a gani ba. Inda ya fara suna shi ne Bahar Rum. A watan Mayu na 1801 sarkin Tarabulus, Yusuf Karamanli, ya sa aka sare sandar tutar ofishin jakadancin Amurka, wanda a al'adar wurin shelar yaƙi ce, domin yana ganin kuɗin da ake biyansa bai kai na Aljiyas ba. Littattafan Amurka sukan kira mutanensa 'yan fashin teku, amma a gaskiya jiragen gwamnati ne ko masu izinin gwamnati, kuma ƙasashen Turai sun daɗe suna biyan wannan kuɗi a bisa yarjejeniya.

Constitution ya iso a 1803 yana ɗauke da shugaban rundunar, Edward Preble. Ya fara tsayawa a Tanja a watan Oktoba, inda ganin jiragen a bakin gari ya taimaka aka sabunta zaman lafiya da Sarkin Maroko Maulaya Sulaiman ba tare da an yi harbi ba. A ƙarshen wannan wata ne wani firiget na Amurka, Philadelphia, ya maƙale a kan duwatsu a bakin Tarabulus, aka kama shi da mutanensa kimanin 300. Ranar 16 ga Fabrairu, 1804, hafsan Amurka Stephen Decatur ya shiga tashar da dare a cikin ƙaramin jirgi ya cinna masa wuta don kada a yi amfani da shi. A watannin Agusta da Satumba na wannan shekara Constitution ya yi ta matsowa kusa da ganuwar birnin yana ruwan wuta, amma birnin bai faɗi ba. Abin da ya kawo ƙarshen rikicin shi ne tsare tashar na tsawon lokaci, da kama garin Darna ta ƙasa a watan Afrilu na 1805 da taimakon ɗan'uwan Yusuf mai neman sarautar, sa'annan da ciniki. A cikin ɗakin kyaftin na Constitution aka daidaita sharuɗɗan sulhu a watan Yuni na 1805, kuma Amurka ta biya dala 60,000 fansar mutanenta. Duk wanda ya ce maka igwa ce kaɗai ta ci wannan yaƙi, ka tambaye shi dalilin biyan wannan kuɗi.

Wannan Yusuf Karamanli ba baƙo ba ne a tarihinmu. Tarabulus ita ce bakin hanyar ayarin da ke bi ta Fezzan zuwa Borno da Kano, kuma da izininsa da rakiyar mutanensa ne Clapperton da Denham da Oudney suka ƙetare Sahara, har Clapperton ya shiga Kano a farkon 1824, ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Yaƙin 1812, inda labarin harsashin ya fito

Amurka ta yi shelar yaƙi a kan Ingila a watan Yuni na 1812, babban dalili kuwa shi ne tare jiragenta da kwashe ma'aikatansu da ƙarfi zuwa rundunar ruwan Ingila. Abu na farko da Constitution ya yi a wannan yaƙi gudu ne, kuma ni a wurina wannan gudun ya fi duk nasarorinsa nuna gwaninta. A tsakiyar watan Yuli, a gaɓar New Jersey, Kyaftin Isaac Hull ya wayi gari ya ga jiragen Ingila biyar a bayansa, iska kuma ta ɗauke ɗif. Sai ya sauke kwale-kwale aka riƙa jan jirgin da tuƙi. Da hakan bai isa ba, mataimakinsa Charles Morris ya kawo dabarar a ɗauki anka a kwale-kwale a kai shi can gaba a jefa, mutanen cikin jirgi su naɗe igiyar har jirgin ya iso wurin, kafin nan an riga an kai anka na biyu gaba. Aka zubar da ruwan sha fiye da galan 2,000 don a rage nauyi, aka riƙa jiƙa filafilai don su riƙe 'yar iskar da ta samu. Sa'o'i 57 aka yi ana wannan wahala kafin Ingilishi su haƙura.

Ranar 19 ga Agusta, a tekun Atlantika kudu maso gabas da garin Halifax na Kanada, ya gamu da ɗaya daga cikin waɗancan biyar, Guerriere, shi kaɗai. Hull ya riƙe wutarsa har sai da jiragen suka yi kusa ƙwarai, sa'annan ya saki. Jigon baya na Guerriere, wato dogon itacen da ke riƙe filafilai, ya fara karyewa, jiragen suka sarƙe, da suka rabu sauran jigogin biyu suka zube, Kyaftin James Dacres ya miƙa wuya, washegari aka ƙone abin da ya rage na jirginsa domin ba ya jawuwa. A cikin wannan faɗa ne aka ce wani ma'aikaci ya ga harsashi ya bugi jikin jirgin ya faɗa ruwa, ya yi ihu cewa bangonsa na ƙarfe ne, daga nan laƙabin Old Ironsides, wato tsoho mai bangon ƙarfe, ya bi shi.

To, shin zai yiwu? Zai yiwu. Harsashin wancan zamani dunƙulen ƙarfe ne da ba ya fashewa, kuma ƙarfinsa ya dogara da nauyinsa, da nisan da ya yi, da yawan albarushin da aka ɗura da ingancinsa, da kuma yadda ya sauka, a miƙe ko a karkace. Harsashi mai laba 18 da aka harbo daga nesa ya sauka a karkace a kan bango mai inci 21 yana iya tsalle ko ya cije a cikin katakon. Bayan faɗan 1815 an sami harsasai da dama cushe a jikinsa ba su fita ciki ba. Amma wannan bai sa jirgin ya zama wanda ba ya jin wuta ba, domin mutum 7 aka kashe a cikinsa a faɗan Guerriere, kuma igiyoyi da filafilai da jigogi da mutanen da ke saman jirgi babu abin da ya tsare su.

An ga haka ranar 29 ga Disamba, 1812, a gaɓar Bahia ta ƙasar Brazil, da ya haɗu da Java a ƙarƙashin Kyaftin Henry Lambert. Java ya fi shi saurin juyawa, ya kuma harbe masa sitiyari tun da wuri, har sai da aka koma juya jirgin da igiyoyi daga ƙasa, ana miƙa umarni baki da baki. Kyaftin William Bainbridge, wanda shi ne ya rasa Philadelphia a Tarabulus, an ji masa rauni sau biyu. Sai bayan sa'o'i ana fafatawa Java ya rasa jigoginsa, aka yi wa Lambert raunin da ya zama ajalinsa. A garin Salvador na Bahia aka sauke fursunonin, garin da a waɗannan shekaru yake cike da bayi Hausawa da yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa suka jefa hannun dillalan gaɓa, waɗanda suka shirya tawaye a 1807, suka kuma tayar a 1809 da 1814.

Na uku shi ne na ranar 20 ga Fabrairu, 1815, kusa da tsibirin Madeira, inda Kyaftin Charles Stewart ya kama ƙananan jirage biyu, Cyane da Levant, a dare ɗaya, har da sa jirgin ya ja da baya cikin hayaƙi ta hanyar juya filafilai don ya hana su yi masa wuta ta tsawonsa. An riga an sa hannu a yarjejeniyar sulhu ta Ghent tun watan Disamba, labarin tabbatar da ita ne bai iso teku ba. Ingilishi sun ƙwato Levant a Porto Praya, a tsibiran Cape Verde, bayan 'yan makonni.

Me ya sa ya yi ta cin nasara

Idan ina koyar da wannan darasi nakan sa ɗalibai su ajiye labarin jarumta gefe guda su fara da lissafi. Manyan igwogin Constitution harsashi mai laba 24 suke harbawa, na Guerriere da na Java mai laba 18. Mutanen Guerriere ba su kai 300 ba, na Constitution sun haura 400, kuma yawan hannu shi ne saurin ɗura igwa da gyaran igiya a tsakiyar wuta. Guerriere tsohon jirgin Faransa ne da aka kama a 1806, jigoginsa sun fara ruɓewa, yana kan hanyarsa ta zuwa gyara. Dacres kuma ya bar Amurkawan da aka tilasta wa aiki a jirginsa su sauka ƙasa kada su yaƙi 'yan ƙasarsu, halin dattaku wanda ya ƙara rage masa mutane. Rundunar Ingila a lokacin ta baje a duniya tana fama da Napoleon, ƙwararrun ma'aikata sun yi mata ƙaranci, yayin da Amurka take da jirage kaɗan da ma'aikatan sa kai masu yawa da za ta zaɓa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce abin da ya sami 'yan'uwansa. Chesapeake, wanda yake cikin shidan nan amma igwoginsa masu laba 18 ne, ya fita daga Boston ranar 1 ga Yuni, 1813, ya gamu da Shannon na Kyaftin Philip Broke, mutumin da ya shekara bakwai yana horar da masu igwarsa, kuma cikin ƙasa da kwata na awa aka kama shi. President, wanda ƙirarsu ɗaya da Constitution, ayarin jiragen Ingila ya kama shi a watan Janairu na 1815. Hukumar rundunar ruwan Ingila ma ta fahimci lissafin, domin a 1813 ta ba da umarni kada firiget ɗinta guda ya tunkari waɗannan manyan na Amurka shi kaɗai. Saboda haka hukuncina shi ne ƙira mai kyau, da kyaftin-kyaftin da suka san aikinsu, da kuma rabo, su suka haɗu. Nasarorin ba su sauya alƙiblar yaƙin ba, tun da Ingila ta tsare tashoshin Amurka har kasuwancinta ya durƙushe, shi kansa Constitution ya shafe watanni da yawa a kulle a Boston. Amfaninsu shi ne ɗaga zuciyar ƙasar da take shan kashi a tudu.

A nan ya kamata a san iyakar shaidun. Rahoton faɗa kyaftin ne yake rubuta shi, wanda ya ci yana neman lada, wanda aka ci yana shirin kāre kansa a kotun soja, shi ya sa adadin mamata da tsawon lokacin faɗa sukan bambanta tsakanin ɓangarorin biyu. Nakan fi amincewa da kundin tafiyar jirgi, wanda ake cikawa kowace rana da alƙiblar iska, da ragowar ruwan sha, da sunan wanda aka yi wa bulala, domin mai rubuta shi ba ya neman burge kowa.

Shekarun da babu ganga

Bayan 1815 babban abokin gabansa ruɓa ce. Jirgin katako kamar gidan ƙasa yake, in an daina yaɓe ya fara komawa inda ya fito. A 1830 wata jarida ta ba da labarin za a wargaza shi, sai wani matashi, Oliver Wendell Holmes, ya wallafa waƙar da ta tayar da jama'a, aka shigar da shi sabuwar ma'ajiyar gyara ta Charlestown a 1833. Ya koma Bahar Rum, ya yi aiki a tekun Fasifik, ya kewaya duniya tsakanin 1844 da 1846 a ƙarƙashin John Percival, inda ya tsaya a Zanzibar, ya kuma yi rikici da hukumomin Vietnam a Da Nang. A 1849 Fafaroma Pius na IX ya hau shi a Gaeta ta Italiya.

Aikinsa na ƙarshe a fagen daga a gaɓar Afirka ta Yamma ne, daga 1853 zuwa 1855, yana ɗauke da Isaac Mayo, shugaban rundunar hana cinikin bayi. Yarjejeniyar Webster da Ashburton ta 1842 tsakanin Amurka da Ingila ta wajabta wa Amurka ajiye igwa 80 a wannan gaɓa, kuma gwamnatin da masu bayi suke da ƙarfi a cikinta ta ga hanya mafi sauƙi ta cika adadin ita ce ta aiko manyan jirage kaɗan, maimakon ƙanana masu yawa da za su iya shiga bakin koguna inda ake lodi. Sansanin ma a Porto Praya aka ajiye shi, nesa da wuraren cinikin. Ranar 3 ga Nuwamba, 1853, Constitution ya kama wani jirgin Amurka mai suna H. N. Gambrill kusa da bakin kogin Kwango, ba a riga an loda mutane ba amma an shirya shi tsaf don ɗaukarsu, kuma shi ne jirgi na ƙarshe da ya taɓa kamawa. Guda ɗaya a cikin shekara biyu. Rundunar Ingila a wannan gaɓa, tsakanin 1808 da 1860, ta kama jirage wajen 1,600 ta 'yantar da mutane kimanin 150,000, aka sauke da yawansu a Freetown, cikinsu har da Hausawa. Ban ɗora laifin a kan ma'aikatan jirgin ba, an aiko kayan aikin da bai dace ba ne da gangan.

Daga 1860 ya zama makarantar horar da hafsoshi a Annapolis, aka janye shi zuwa Newport da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861. A 1878 ya kai kayan baje koli Faransa, a kan hanyar dawowa ya maƙale a gaɓar kudancin Ingila a watan Janairu na 1879, kuma a ma'ajiyar rundunar ruwan Ingila ta Portsmouth aka duba shi. An sauke shi daga aiki a 1881, aka gina masa rumfa a kai ya zama masaukin sababbin sojoji. A 1905 sakataren rundunar ruwa ya ba da shawarar a ja shi teku a koyi harbi da shi, jama'a suka sāke hanawa, sa'annan a ƙarshen shekarun 1920 'yan makaranta suka tara kwabbai aka yi masa babban gyara. Ya yi tafiya da filafilansa a watan Yuli na 1997, karo na farko cikin shekara 116, ya kuma maimaita a watan Agusta na 2012.

Game da cewa ya haura shekara 200, a riƙe wannan: masu kula da shi sun ƙiyasta kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne kawai ya rage na katakon asali, yawancinsa ƙashin baya da haƙarƙarin ƙasa da ke cikin ruwa. Har yanzu yana cikin jerin jiragen rundunar ruwan Amurka, da kwamanda da sojoji masu albashi, kuma rundunar ta keɓe wani daji na farin oak a Crane ta jihar Indiana inda ake saro katakon gyaransa.